Tanadin abinci marar nama a karkarar Kano da Jigawa

Tanadin abinci marar nama shi ne sarrafa hatsi, wake, gyaɗa da ganye da yawa a lokaci guda, a ajiye, a riƙa ɗiba ana girki na kwanaki ko watanni. A ƙauyukan Kano da Jigawa rashin naman ba aƙida ba ce. Nama na ranar kasuwa ne, ko suna, ko biki, ko Sallah, sauran kwanakin kuwa tukunya kan dogara ne da daddawa da wake da gyaɗa. Da yake gidaje da yawa ba su da firiji, wasu ma wutar lantarkin ba ta kai musu ba, hanyoyin adanawar su ne shanya, ruɓarwa, suya da kuma ɗumamawa.

Yanayi ke tsara aikin. Ganye kan wadata da damina, daga Yuni zuwa Satumba, amfanin gona ya shigo rumbu da kaka, sannan iskar hunturu ta Disamba zuwa Fabrairu ta busar da duk abin da aka baza a tabarma. Ganyen kuka ana shanya shi, a daka, a tankaɗe. Masu kula sukan shanya shi a inuwa don kada rana ta kashe masa kore. Haka ake yi wa zogale, rama da yakuwa, kuɓewa kuma a yayyanka ta tukuna. A yankin Kura, Bunkure da Garun Malam, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, idan tumatir ya yi araha sai a tsaga shi a shanya. Wannan kauɗar ita ke riƙe miya lokacin da ɗanye ya gagari talaka.

Daddawa ce ta fi komai cin aiki, kuma ita ce ke tsaya wa miya a madadin nama. Ana yin ta da kalwa, wato ƙwayar ɗorawa. A dafa kalwar wuni guda ko a kwana ana yi mata wuta, a sussuke ta a turmi, a wanke ɓawon ya fita, a sake dafawa. Daga nan a zuba ta a ƙwarya ko kwando, a lulluɓe sosai, a bar ta kwana biyu zuwa uku. A cikin wannan zafin ne ƙwayoyin bakteriya ke narka furotin ɗin kalwar, abin da ke kawo yauƙi da warin nan da maƙwabta ke sanin an buɗe daddawa. Sai a kirɓa, a cuccura, a shanya. Idan ta bushe da kyau takan yi watanni. Akwai kuma daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa, da ta waken suya wadda ta shigo daga baya. Dunƙulen ɗanɗano na kanti ya rage mata kasuwa, amma miyar kukar da ba daddawa ko yaro ya san da saura.

Gyaɗa kuwa ana soya ta, a murje, a niƙa, a matse mai. Tunkuzar da ta rage a murza ta a soya a cikin man, ta zama ƙuli-ƙuli. Aiki ɗaya ya ba da mai da ƙuli, duka biyun suna makonni. Dakakken ƙuli da barkono da gishiri shi ne mahaɗin kwaɗon zogale ko na rama, wanda ba ya buƙatar komai sai dafaffen ganye da albasa. Abin lura shi ne gyaɗar da ta sha danshi ta yi funfuna na iya ɗaukar gubar aflatoxin, mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Tsince ta a zubar ne kawai mafita.

Garin ɗanwake ma ana haɗa shi da yawa: wake, busasshen rogo da kuka, a kai inji a niƙa tare. Ranar da ake so sai a kwaɓa da ruwan kanwa, a jefa a tafasasshen ruwa, a tsame, a sa mai da yaji. Ɗanyen waken kansa ƙwaro ne abokin gabarsa. Da can toka ko barkono ake cuɗa shi da su, yanzu kuma manoma da yawa na sayen buhu mai ruɓi uku da ke toshe iska.

Dafaffen abinci ba ya jimawa haka. Tuwon dawa ko na gero akan tuƙa shi da yamma fiye da abin da za a ci, ragowar a wayi gari a ɗumama shi da miyar, ya zama ɗumame, karin kumallon masu fita gona. Fura da aka dafa aka kirɓa aka barbaɗe da gari takan yi kwana ɗaya ko biyu, ana ɗiba ana damawa da nono. Gasarar koko tana kwanaki in dai ana sauya mata ruwa kullum. Awara, alale da ƙosai kuwa na ranar ne, musamman da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Maris zuwa Mayu. Miyar da aka bari tun azahar ba a sake tafasa ta ba, kafin dare ta yi tsami.

Yawancin wannan aiki na mata ne, kuma a cikin gida ake yin sa, sau da yawa kishiyoyi ko maƙwabta su haɗa hannu a daka da tankaɗe. Abin da ya wuce bukatar gida, daddawa ce ko ƙuli ko garin kuka, yara kan kai shi talla, ko a tara a aika kasuwar mako irin ta Gujungu ko Maigatari.