Waiwaye: Ina malamai mata na ƙauye suka shiga?

Satin da ya wuce na je babban taron jiha na ƙungiyarmu ta malamai mata, kuma kamar kullum an sha anko an sha hoto, an yi ta jawabai daga hai tebur har sai da ƙafafuna suka kumbura a kujera. Amma abinda ya biyo ni gida shi ne gardamar da ta ɓarke bayan sallar azahar, wadda dama ita ake ta yi a rediyo da Facebook da guruf ɗinmu na WhatsApp tun kwanaki, wai me ya sa makarantun ƙauye babu malamai mata. Wata ta ce rashin tsaro ne, ta ambaci Chibok a 2014 da Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021. Wata ta ce a'a yaran yanzu ne ba sa son wahala, da an tura yarinya ƙauye kafin wata biyu ta kawo takardar aure tana neman taransifa. Wata ta ce albashin ne gaba ɗaya ke tafiya a kuɗin mota. Duk ba ƙarya suka yi ba, sai dai kowa na magana sai kace jiya-jiya abin ya faro, alhali tun kafin a haifi rabin matan da ke cikin ɗakin nan aka fara girbe shi.

Farkon labarin kowa ya haddace shi, ko a taron sai da aka maimaita mana sau uku. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da tsarinta na karantar da mata da ake kira 'Yan Taru, tana naɗa jaji, wato jagorar mata, ta sa mata malfa ta tura ta ƙauyensu ta karantar da mata. Sai makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina wajen 1930, sai cibiyar horar da mata ta Sakkwato kafin shekarun 1930 su ƙare, sai UPE a 1976 lokacin da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa aka shiga neman malamai ido rufe. Daga nan sai mai jawabi ta yi tsalle ta dira kan UBE, shirin ilimin bai-ɗaya na 1999, a tafa mata ta zauna.

Wurin da ake tsallakewa ɗin nan, nan gizo yake saƙar.

Wanda ya tashi a Katsina ko Zariya ko Kano ya san har gobe akwai makarantar da ake ce wa WTC, ɗan acaɓa ma in ka ce masa WTC ba sai ka yi masa kwatance ba, amma tambayi yaran da ke ciki me haruffan suke nufi ka sha mamaki. Kwalejin horar da malamai mata ce fa. Yanda tsarin yake a da, yarinya tana gama firamare tana 'yar shekara 12 ko 13 za a ɗauke ta a kai ta can, makarantar kwana, mata zalla, katanga da maigadi da matiron, abinci kyauta, kayan makaranta kyauta, harda ɗan alawus da za ta sayi sabulu ta rage na tsaraba. Shekara biyar tana karatu tana fita TP, wato gwajin koyarwa, a firamaren da ke kusa, ta fito da satifiket ɗin koyarwa na Gired Tu tana 17 ko 18. Kuma galibi ba 'ya'yan manyan ma'aikata ba ne, su waɗannan sakandare suke so, 'ya'yan talakawa ne daga gundumomi, wata ma da kuka da rigima aka rabo ta da gida.

To a duba lissafin uban yarinya a ƙauye, don shi ne mai yanke hukunci ba mu da muke zaune a ɗakin taro ba. Ba a ce ya kawo ko sisi ba. Ba a haɗa masa 'ya da maza ba. An faɗa masa ranar da za ta gama, kuma ranar ba ta yi nisa da lokacin da dama zai aurar da ita ba, sau tari ma an riga an sa rana ko an karɓi kuɗin gaisuwa, saurayin ɗan garinsu ne yana jira. Tana gamawa a ɗaura aure, ta tare a garinsu ko ƙauyen da ke maƙwabtaka, a ba ta aji a firamaren da ita ma ta yi, da goyonta a baya take zuwa. Babu maganar gidan malamai, babu kuɗin mota, babu neman taransifa tunda ina za ta je? Iyayen yara sun san uwarta sun san kakarta, in yarinya ta daina zuwa makaranta Malama za ta sa mayafi ta shiga har ƙuryar ɗaki ta ji dalili, abinda malami namiji ba zai taɓa iyawa ba ko shi ne hedimasta.

Ba zan ce Gired Tu ba shi da aibu ba, wallahi yana da shi. Gaggawar UPE ta sa an yaye mutane da yawa da ba su nuna ba, akwai waɗanda suka faɗi wasu takardun aka bar su suna koyarwa da sunan rifad, wato masu jiran sake jarrabawa, shekara da shekaru, kuma mu kanmu malamai mun fi kowa ɗaga murya cewa a ɗaga darajar aikin nan a daina yi mana kallon waɗanda suka rasa abin yi. Manufar ilimi ta ƙasa tun ta 1977 ta nuna cewa nan gaba NCE, takardar da kwalejin ilimi ke bayarwa, ita ce za ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kusan kowa ya yi na'am, ni ma da ina wurin hannu biyu zan ɗaga. Da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku-uku a ƙaramar sakandare da babba, huɗu a jami'a, ya kankama daga 1982 sai kwalejojin nan suka riƙa komawa sakandaren 'yan mata ɗaya bayan ɗaya, kowace jiha da lokacinta, har aka wayi gari cikin shekarun 1990 sai dai suna. Ba a yi biki ba ba a yi zaman makoki ba, allon bakin get kawai aka sake wa fenti.

Abinda ba a lissafa ba shi ne shekaru. Ƙofar zama malama da take buɗe wa 'yar shekara 13 yanzu ta koma 18 ko 19, bayan shekara shida a sakandare, bayan an haɗa kiredit ɗin da ake buƙata, bayan JAMB, sannan shekara uku a kwalejin ilimi, in an bi ta ajin share fage na firi-NCE huɗu, a babban gari, maza da mata a haɗe, kuɗin rajista da na hostel da na handawut duk a wuyan uba. 'Yar ƙauye nawa ce za ta kai nan ba a aurar da ita ba? Wadda ta daure ta kai kuma, shekara uku a birni ai a can za ta samu miji, ma'aikaci ko ɗan kasuwa, shikenan ta zama 'yar birni. Sai ga shi takardar ta fi ta da nauyi, amma masu riƙe da ita duk sun taru a gari ɗaya, firamaren cikin birni malamai mata sun yi yawa har ana raba aji biyu, ta ƙauye kuma daga hedimasta har mai kaɗa ƙararrawa duk maza. Ita wadda ake zagi don ta nemi taransifa, mijinta da 'ya'yanta suna birni, kullum sai ta hau mota biyu da babur, me ake so ta yi?

An yi ƙoƙarin toshe ɓarakar, ba a ce ba a yi ba. Kwalejin ilimi ta tarayya da ke Gusau mata zalla take ɗauka. Daga 2008 kuma an kawo tallafin karatu a jihohi irin su Bauchi, Katsina, Neja da Sakkwato, a ɗauko 'yar ƙauye a biya mata NCE bisa sharaɗin ta koma yankinsu ta koyar. Ni da na ji tsarin dariya ta kama ni, ai WTC ce aka dawo da ita ta taga, sai dai wannan karon sai wadda ta riga ta gama sakandare, kuma a ƙauyen da ake magana su ne ba su da yawa.

Kusa da ni a taron wata dattijuwa ce, ta daɗe da yin ritaya, 'yar Gired Tu ce da ta ƙaro NCE ta hanyar karatun nesa na NTI, cibiyar malamai ta ƙasa, tana da 'ya'ya shida. Na ce Mama ke ba za ki ce komai ba? Ta ce 'yar nan, duba layin gaba ki duba na baya. Na duba. Masu furfura na gaba kusan kowacce in ka tambayi garinsu sai ta kira wani ƙauye da sai an yi maka kwatance, mu na baya kuwa unguwannin cikin birni muke kira. Da aka ba ta makirfo abu ɗaya ta roƙa, duk wadda take koyarwa a garin da kwalta ba ta kai ba ta miƙe tsaye. Waɗanda suka miƙe ba su cika benci biyu ba, a ɗakin da wasu ko kujera ba su samu ba.

Sannan aka koma kan ajanda, aka shiga maganar da ake yayi yanzu, tunda dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri, ko lokaci ya yi da za a ce digiri ne mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Hannuwa suka tashi sama, ana tafi. Mama ta naɗe takardar shirin taron ta tura a jaka, ta ce in taimaka in raka ta bakin titi, motar garinsu ba ta wuce la'asar.