Fitar fosfarus daga takin shanu

Fosfarus ɗaya ne daga cikin manyan sinadarai uku da shuka ke buƙata, tare da naitirojin da fotashiyam, kuma shi ne harafin P da ake gani a buhun takin NPK. Yana ƙarfafa saiwa, yana taimaka wa ƙwaya ta cika. Saniya tana fitar da kusan dukkan fosfarus ɗin da jikinta bai riƙe ba ta kashi. Kaɗan ne ke bin fitsari.

Fiye da rabin fosfarus ɗin da ke cikin kashin shanu yana cikin siffar da shuka ke iya sha ba tare da dogon jira ba. Dalili kuwa ƙananan halittun da ke tumbin saniya suna farfasa fayitet, wato siffar da fosfarus ke ɗaure a cikin hatsi, aikin da cikin kaza ba ya iya yi sosai. Ragowar yana maƙale a tarkacen ciyawa, sai ƙwayoyin halittar ƙasa sun ruɓar da shi, shi ya sa gonar da aka zuba wa taki kan ci gaba da cin moriyarsa a daminar da ta biyo baya. Fosfarus ba ya tashi sama kamar naitirojin, don haka kandilon da ya sha rana bai rasa fosfarus ɗinsa ba.

Bayan ya fita daga kashin, ƙasa ce ke yanke hukunci. A ƙasa mai tsami, musamman ja, sinadaran ƙarfe da alminiyam suna kama shi su riƙe. A mai yawan alli, kalsiyam ke ɗaure shi. Ya fi samuwa idan ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, yana tsakanin 6 da 7. A nan taki ya ɗara takin zamani da wani abu guda: ruwan tsamin da ke fita yayin ruɓewarsa yana mamaye wuraren da fosfarus ke maƙalewa, sai fosfarus ɗin ya zauna a sake.

A jigawar Sahel ƙarancin fosfarus na cikin abubuwan da suka fi danne amfanin gero, shi ya sa manoma suka daɗe suna gayyatar makiyaya su kwantar da shanu a gona bayan girbi. A ƙasashe masu yawan shanun madara kuwa yawansa ne matsala. Idan aka zuba taki gwargwadon naitirojin da shuka ke so, fosfarus yakan wuce buƙata, ya taru shekara bayan shekara har ƙasa ta ƙoshi. Ruwan sama na farko bayan watsa taki a saman gona shi ya fi kwasarsa zuwa rafuka da tafkuna, inda yake haddasa yaɗuwar gansakuka, kifaye su rasa iska. Wannan ya sa a 2018 ƙasar Holan ta kafa tsarin da ya ƙayyade yawan fosfet, wato fosfarus ɗin taki, da kowace gonar shanun madara ke da izinin samarwa.