Waiwaye: Rikicin inshorar karaban ya girmi ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai

Duk shekara idan sanyi ya ƙarato a Birtaniya, masu karaban suka fara shirin gangarawa Sifaniya da Fotugal, sai ƙorafin ya sake tashi. Takardar sabunta inshora ta iso, an taɓa adadin kwanakin da za a iya yi a ƙetare, an ƙaro sharaɗin makulli, wata ƙasar kuma babu ita a jerin. Karaban dai shi ne ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, da gado da murhu da banɗaki a ciki. Yawancin masu ƙorafin suna ɗora komai a kan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai. Ficewar ta tono matsalar, amma ta tarar da ita a kwance.

Farkon labarin sananne ne. A 1949 aka tsara koren kati, wato takardar shaidar inshorar mota a ƙetare, ya fara aiki a 1953, domin direba ya nuna a kan iyaka cewa idan ya yi wa wani ɓarna akwai mai biya. Irinsa ne katin ECOWAS mai ruwan ƙasa da aka kafa a 1982, wanda direbobin da ke tsallaka iyaka a Afirka ta Yamma suka sani.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne 1972. A shekarar ƙasashen kasuwar Turai, wadda daga baya ta zama Tarayyar Turai, suka amince a daina duba koren kati a iyakokin junansu, Birtaniya ta shigo a 1973 ta gaji tsarin. A 1990 aka ƙara da cewa kuɗin inshorar mota guda ɗaya dole ya wadatar a dukkan ƙasashen ƙungiyar. Sauƙi ne na gaske, babu mai musu. Sai dai akwai abin da ya tafi tare da katin. Da can, mai niyyar fita sai ya nemi kamfanin inshorarsa, ya faɗi ranar tafiya da ta dawowa, da ƙasashen da zai ratsa, da ko yana jan wani abu a baya, don a katin mota tana da harafinta, A, tirela tana da nata, F. A wannan 'yar hira ce ake gaya masa abin da inshorarsa ta ɗauka da abin da ta bari. Da aka daina tambayar kati, hirar ta mutu. Mutane suka shekara kusan hamsin suna hawa jirgin ruwa a tashar Dover ta Birtaniya da tunanin cewa inshorarsu tana binsu duk inda suka sa gaba.

Alhali abin da doka ta tabbatar kaɗan ne: ɓarnar da ka yi wa wani, shi ke nan. Cikakkiyar inshorar mota tana da iyakar kwanaki a waje, sau da yawa tsakanin 30 da 90, bayan nan ta koma mafi ƙarancin abin da doka ta tilasta. Jikin karaban kuwa bai taɓa shiga lissafin ba. Inshorarsa ba dole ba ce a Birtaniya, don haka babu dokar da ta daidaita sharuɗɗanta yadda aka daidaita na mota. Kowane kamfani da abin da ya rubuta, kuma yana iya sauya shi ranar sabuntawa.

Ga yadda giɓin yake a zahiri. Mutum ya isa sansani a kudancin Faransa, filin yana da ɗan gangare. Ya zare karaban daga ƙugiyar mota kafin ya ja birkin hannu, abu mai nauyin kilo 1,400 ya gangara ya murƙushe rumfar maƙwabci. Muddin yana ɗaure da mota, inshorar mota ce ke biyan maƙwabcin. Da ya rabu da ƙugiya, a mafi yawan takardu ta zare hannunta, sai dai idan karaban yana da tasa inshorar. Daƙiƙa biyar ke tsakanin biya da rashin biya.

Sata ita ta ƙara tsaurara sharuɗɗan. Tun 1992 ake buga wa karaban lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17 a jikin ƙarfen gindinsa da tagoginsa. Daga nan takardu suka cika da batun kwaɗon ƙugiya, da makullin taya, da na'urar bin sawu, da irin wurin ajiyar da aka yarda da shi. Kalmar da ta fi jawo gardama ita ce barin karaban ba kowa a wurin. Wata takardar tana nufin idan an cire shi daga mota, wata kuma har da tsayawa cin abinci a tashar babbar hanya. Makullin yana cikin akwati, an shiga shan shayi, an fito babu karaban, kamfani ya ce ba a cika sharaɗi ba.

Abubuwan baya-bayan nan sun zo a jere. A Maris 2020 annobar korona ta sa mutane da dama suka baro karabansu a sansanonin Sifaniya suka hau jirgin sama. Daga 1 ga Janairu 2021 koren kati ya dawo, ɗaya na mota ɗaya na karaban, har zuwa 2 ga Agusta da aka sake ɗage shi. A watanni bakwai ɗin nan ne da yawa suka fara karanta takardarsu, suka ɗauka sababbin sharuɗɗa ne, alhali sun daɗe a rubuce.

Abin da ya canza da gaske shi ne iyakar zaman ɗan Birtaniya, kwana 90 cikin kowane 180 a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokin junansu, wanda tun Oktoba 2025 aka fara ƙirga shi da na'ura a kan iyaka. Mai son ya cinye sanyi gaba ɗaya a kudu yana da dabara biyu, kowace kuma tana cin karo da inshora. Idan ya ajiye karaban a Sifaniya ya koma gida, inshorar yawo ba lallai ta ɗauki ajiya a ƙetare ba, ga kuma ƙa'idar kwastan ta wata 6 ga abin hawan da aka shigo da shi na wucin gadi. Idan ya tsallaka daga Algeciras ta Sifaniya zuwa Tanja ta Maroko ya jira kwanakinsa su dawo, Maroko tana cikin ƙasashen da har yanzu ke neman koren kati, kamar Turkiyya da Albaniya, kuma takardun karaban da yawa ba su ambace ta ba.

Saboda haka kafin a sayi tikitin jirgi, a jera takardu uku a kan tebur: ta mota, ta karaban, da ta ɗauko abin hawa idan ya lalace a hanya. A duba ko kwanakin na kowace tafiya ne ko na shekara baki ɗaya, don 180 a shekara da 90 a tafiya ba ɗaya ba ne. A duba ko ta ukun za ta dawo da karaban gida idan motar ce ta mutu, da iyakar tsawo da nauyin da ta yarda da su. Duk amsar da aka bayar ta waya, a nemi a turo ta a rubuce.