Zafin baki tare da kasala da ciwon gaɓoɓi

Zafin baki marar gyambo wani raɗaɗi ne da mutum ke ji a harshe, ganɗa ko cikin leɓe, alhali idan aka leƙa bakin ba a ganin rauni ko kumburi. Masu fama da shi sukan ce ji suke kamar sun kurɓi shayi mai zafi ya ƙona su, kuma ƙunar ta ƙi wucewa. A rabe-raben da ƙungiyar likitocin ciwon kai ta duniya ta fitar a 2018, ana lissafa shi a matsayin ciwo mai zaman kansa idan yana dawowa kullum, fiye da awa 2 a rana, har sama da wata 3, kuma ba a gano wata cuta da ta haddasa shi ba. Ya fi kama mata, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Idan ya haɗu da kasala da ciwon gaɓoɓi kuwa, likitoci kan fara neman tushe guda da ya haɗa ukun kafin su ce ba shi da dalili.

Yadda yake

Zafin ya fi zama a gaban harshe, dama da hagu. Ga mutane da yawa da safe da sauƙi, sai ya yi ta ƙaruwa har ya kai maƙura da yamma. Abin mamaki, cin abinci ko tauna wani abu kan sassauta shi, saɓanin gyambon baki da abinci ke tsananta wa. Wasu na jin ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe, wasu bushewar baki. Bincike ya danganta nau'in da ba shi da wani dalili da lalacewar ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da ɗanɗano. Wato ciwo ne na gaske, ko da ido bai gan shi ba.

Alaƙarsa da gaɓoɓi

Cutar da ta fi haɗa alamomin nan uku ita ce cutar Sjögren. Sunan wani likitan ido ne ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, wanda a 1933 ya bayyana mata 19 masu bushewar ido, 13 daga cikinsu kuma da ciwon gaɓoɓi. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa ƙululun da ke samar da yawu da hawaye. Baki ya bushe har busasshen burodi ko gurasa ba sa haɗiyuwa sai da ruwa, ido ya riƙa ƙaiƙayi da yaji, haƙora su fara ruɓewa ta gindi, wani lokaci gaban kunne ya kumbura har a yi zaton hangum ne. Kasalarta ba irin ta aiki ba ce, domin barci ba ya kawar da ita. Kusan 9 cikin 10 na masu ita mata ne. Takan zo ita kaɗai, ko ta biyo amosanin gaɓoɓi mai sandarar da yatsu da safe, ko cutar lupus, wadda ita ma garkuwar jiki ce ke far wa jikin mai ita. 'Yar wasan tanis Venus Williams ta janye daga gasar US Open a 2011 bayan an gano tana da ita.

Hanya ta biyu, wadda a ganina an fi yi mata sakaci, ita ce magungunan gaɓoɓin kansu. Diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha, kan ci bangon ciki su jawo tsiyayar jini a ɓoye. Ƙarshenta ƙarancin jini, wanda shi kaɗai ya isa ya kawo kasala, harshe kuma ya yi sumul yana zugi. Prednisolone da dexamethasone kan buɗe wa ƙwayar fangas ƙofa a baki, kuma ba kullum take fitowa fari-fari ba, wani lokaci ja kawai za a gani. Methotrexate, da ake sha sau ɗaya a mako, yana kawo gyambon baki, shi ya sa ake haɗa shi da folic acid. Shan sa kullum bisa kuskure haɗari ne babba. Sai magungunan wasu cututtukan: lisinopril na hawan jini kan jawo zafin baki ga wasu, metformin na suga kan rage bitamin B12, Piriton da amitriptyline kuma suna busar da yawu. Ciwon suga da raunin ƙululun maƙogwaro su ma suna cikin abin da ake dubawa.

Bincike a Legas

A Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, inda Hausawa suka yi yawa, abin da aka saba shi ne a rarraba ciwon gida uku. Gwiwa a kai ta kemis a karɓo ƙwayoyin da aka ƙulla a leda babu suna, kasala a ce maleriya ce ko taifod, baki kuma a nemi jiƙo. Babu wanda ya ji labarin duka ukun, kuma mai yiwuwa abin da ke cikin ledar ne ke hura wutar sauran biyun. Don haka ya fi kyau mai ciwo ya kwashi duk abin da yake sha, har na gargajiya, ya kai gaban likita ɗaya.

Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba da na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja suna da likitocin gaɓoɓi da sashen haƙori. Akan fara da awon jini, ƙarfen jini, B12 da suga. Idan ana zargin Sjögren sai a nemi alamar anti-Ro a jini (wani sinadarin garkuwar jiki da ake yawan samu ga masu cutar), a auna yawu, a kuma yi gwajin Schirmer: a maƙala siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5, idan jiƙewar ba ta wuce milimita 5 ba, hawaye sun yi ƙaranci. Wani lokaci akan ɗebo ɗan nama daga cikin leɓe a duba.

Zama da ciwon

Inda aka gano dalili, shi ake yi wa magani, zafin kan bi baya. Inda ba a gano ba, likita na iya gwada clonazepam ko magungunan zafin jijiya, sai dai ba kowa suke yi wa aiki ba, kuma sauƙin a hankali yake zuwa. Ga Sjögren akwai pilocarpine mai ƙara yawu, da kuma maganin ɗigawa a ido mai maye gurbin hawaye, ana kuma ba da hydroxychloroquine saboda gaɓoɓi.

Sauran aikin na gida ne. Yajin tsire, attarugu, lemon tsami, abarba, taba da ruwan kuskure baki mai barasa suna tsananta zafin. Man goge baki mai yawan kumfa ma haka ga wasu. Kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, tsotsar ƙanƙara da cingam marar suga suna taimakawa, shi ya sa gorar ruwa ta zama dole ga wanda zai shafe awanni a cunkoson danfo. Alewa mai suga kuwa tana sanyaya baki yanzu, ta cinye haƙora daga baya. Mai azumi na iya kuskure baki ba tare da haɗiyewa ba, batun rangwame kuma na likita ne da malamai. Kasala tana raguwa da tafiyar ƙasa a kai a kai da raba aiki mai nauyi, ba da kwanciya yini guda ba.

Gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, kumburin gaban kunne ko wuya da ya ƙi sacewa, rama ba dalili ko baƙin bayan gida, waɗannan ba a jiran ranar ganin likita da su.