Tayar Tsofaffin Motocin Tsere

Tsofaffin motocin tsere su ne ƙananan motoci masu ƙofa biyu da aka ƙera domin gudu tsakanin shekarun 1950 da 1980, irin su Datsun 240Z, da Mercedes SL, da Peugeot 504 Coupé da ta fito a 1969. A Jihar Kebbi ba su da yawa, galibi gado ne ko abin ajiyar masu sha'awa, kuma kamfanonin taya sun rage ƙera girman da aka yi su da shi.

Tayar farko zaren da ke cikin robarta a gicciye yake, wani kan wani. A 1946 kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar ƙirar radiyal, wadda zarenta ke tafiya kai tsaye daga baki zuwa baki, ya fara sayar da ita a 1949. Radiyal ta fi kama ƙasa, ta fi daɗewa, ba ta kuma saurin ɗaukar zafi. Ba a haɗa nau'ukan biyu a gaba ko a bayan mota ɗaya.

Girman taya a gefenta yake rubuce. Idan an ga 205/70 R14, faɗinta milimita 205 ne, tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin, R na nufin radiyal, wilinta kuma inci 14. Tsofaffin tayoyi sukan zo da 175 R14 kawai, ba lambar tsakiya, ma'ana tsayin gefen ya kai wajen kashi 80. Nan ne masu saye suka fi yin kuskure. A shagunan Birnin Kebbi da Jega, mai wannan girman da aka fi samu ita ce wadda ke da harafin C a ƙarshe, wato tayar bas da motar kaya. Za ta hau wilin lafiya lau, amma gefenta sandararre ne domin lodi aka yi ta, ƙaramar mota sai ta yi ta tsalle a kanta, birki kuma ba ya kamawa sosai idan an yi ruwa. Masu son kwalliya kuma sukan sa babban wili da taya mai faɗi da siririn gefe. Yawancin motocin nan sitiyarinsu da ƙarfin hannu ake juya shi, saboda haka faɗin taya nauyi yake ƙara masa, ramukan hanyar Yawuri kuwa ba sa barin siririn gefe ya yi ƙarko. Wasu motocin ƙarshen shekarun 1970 sun zo da wilin Michelin TRX da ake aunawa da milimita, kamar 390, wanda tayar inci ba ta zama a kansa.

Akwai kuma wani harafin, ban da R da C, da ke nuna iyakar gudu: S kilomita 180 a awa, H 210, V 240. Mai zagayen gari ba zai kai nan ba, amma ba a sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya tsara.

Shekarun taya sun fi zanenta muhimmanci a irin wannan mota, domin ta fi zama a gareji. Tun daga shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen taya su ne mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Mai lambobi uku ta riga 2000, wurinta bola. Roba tana bushewa ta tsage ko ba a hau ta ba, kuma a Kebbi, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, abin ya fi sauri.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta Ikeja a 2008, kasuwa ta koma kan tayar waje, ciki har da 'yar Kwatano. Da yawa daga cikin waɗannan tayoyin sanyi ne na Turai, ana gane su da hoton dutse mai ƙanƙara a gefe, robarsu mai laushi kan cinye da wuri a kwalta mai zafi. Michelin da Pirelli da Vredestein har yanzu suna ƙera tsohon girma da sabuwar roba, sai dai odarsu ake yi.

Wili mai waya irin ta keke yawanci sai da tib. Iska kuma da safe ake aunawa wurin mai faci, kafin taya ta ɗau zafi, kuma ba a sace ta bayan tafiya don an ga ta hau.