Tsofaffin Celo na Italiya

Celo babban kayan kiɗa ne mai tsirkiya huɗu, dangin goge, wanda makaɗi ke zama ya jingina shi tsakanin gwiwoyinsa. Waɗanda suka fi daraja an sassaƙa su ne a arewacin Italiya, musamman Cremona da Venice, daga ƙarni na 16 zuwa tsakiyar na 18.

Andrea Amati na Cremona, wanda ya rasu a 1577, shi ne kakan sana'ar. Celonsa da ake wa laƙabi da "Sarki", mai ɗauke da tambarin Sarki Charles na 9 na Faransa, yana gidan adana kayan kiɗa na Vermillion a Amurka. Celon wancan zamani sun fi na yau girma. Da aka fara naɗa wa tsirkiyar hanji siririn ƙarfe a wajajen 1660, ƙaramin jiki ma ya iya fitar da murya mai kauri, daga baya kuma aka riƙa yanke tsofaffin ana rage su. Shi kansa "Sarki" bai tsira daga yankan ba, kuma wannan asara ce da ba ta gyaruwa.

Antonio Stradivari na Cremona, da ya rasu a 1737, ya daidaita girman da ake koyi da shi har yau a wajajen 1707. Kimanin sittin ne suka rage daga celon da ya yi, galibinsu ana kiransu da sunan wani da ya taɓa riƙe su. "Duport" na 1711 yana da tabo a gefe, wanda ake cewa ƙaimin takalmin Napoleon ne ya yi shi. Shahararren makaɗin celo Rostropovich ya kaɗa shi daga 1974 har rasuwarsa a 2007. "Davidov" na 1712 ya bi ta hannun makaɗiya Jacqueline du Pré kafin ya isa ga makaɗi Yo-Yo Ma. A Venice kuwa, Matteo Goffriller da Domenico Montagnana ne gwanayen.

Tantance asali shi ne wahalar. Takardar sunan maƙeri da ke manne a cikin ciki ba hujja ba ce, don an sha sauya ta: celon Goffriller da makaɗi Pablo Casals ya rayu da shi an daɗe ana jingina shi ga wani maƙerin daban, Carlo Bergonzi. Masana kan duba sassaƙar kai da man ƙyallin jiki, su ƙirga zobban shekarun itacen fuska don sanin lokacin da bishiyar ta rayu, sannan su bi salsalar masu shi hannu bayan hannu, kamar yadda ake bin isnadi. Shaidar gidan Hill na Landan, dillalai kuma masu gyaran irin waɗannan kayan kiɗa, tana da nauyi a nan.

Gidan Hill ne kuma ya ceto "Mara" na Stradivari, na 1711. A 1963 jirgin ruwan da ke ɗauke da shi ya yi haɗari a kogin Río de la Plata na Kudancin Amurka, ruwa ya narkar da mannin, aka tsamo shi gunduwa-gunduwa. Suka harhaɗa shi, ya koma dandali, daga baya makaɗi Heinrich Schiff ya kaɗa shi shekaru masu yawa.