Faɗuwa sau uku ta daina korar ɗalibar jinya: abin da sabuwar ƙa'idar Kansil ta ce

Shekarun baya wani dattijo ya same ni a bakin ofis bayan la'asar, 'yarsa na tsaye a bayansa ta rufe fuska da gefen hijabi. Daga Kurna suka zo. Ya ce, "Malama, wai an ce shi ke nan? Shekara huɗu fa muna abu ɗaya." Yarinyar ta zauna jarabawar Kansil, wato hukumar da ke ba nas lasisi, karo na uku, ta sake faɗuwa a ɓangare guda, kuma a lokacin faɗuwa sau uku kora ce. Na ce, "Baba, sai haƙuri. Ƙa'idar daga sama take, ba daga makaranta ba." Ya daɗe bai tanka ba, can ya tambaye ni ko akwai wata takarda da za a ba ta, ko da mai nuna cewa ta taɓa yin karatun ce. Ni kuwa na san hannun yarinyar nan a ɗakin marasa lafiya. Jijiyar da ta gagari kowa, ita ake kira ta sa kanula, wato allurar ƙarin ruwa. Har yau in na tuna ranar sai zuciyata ta yi nauyi.

Wannan ƙa'ida ce aka soke. A watan Satumban 2025 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, wadda mu da ɗalibai muke kira Kansil, ta aika wa makarantu takarda cewa ta daina fitar da ɗalibi daga karatu don ya faɗi jarabawarta sau uku. Yanzu wanda ya faɗi wani ɓangare, wannan ɓangaren zai riƙa maimaitawa har Allah ya ba shi sa'a. Labarin ya zaga gurup-gurup na WhatsApp a Kano cikin yini ɗaya, amma rabinsa kawai ya zaga, rabi mai daɗin. Shi ya sa nake so iyaye da ɗalibai su ji sauran.

Kafin nan, a fahimci wanda ke da wuƙa da nama. Dokar da ta kafa Kansil ta fito ne a 1979 a matsayin dokar soja mai lamba 89, yanzu kuma tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na N143. Ita ta ba hukumar ikon tsara abin da za a koyar, da amincewa da makarantu, da shirya jarabawar ƙarshe, da riƙe rajistar duk wanda ya cancanci a kira shi nas ko ungozoma. Ma'anar wannan a aikace ita ce, makaranta koyarwa take yi, ba ta ba da lasisi. Ko a makarantar jinya ta Asibitin Malam Aminu Kano kika yi, ko a kwalejin jinya ta jiha, ko digiri kike yi a Jami'ar Bayero, ƙofar fita ɗaya ce. Wanda kuma ya sa fararen kaya ya kira kansa nas alhali sunansa ba ya cikin rajista, ya aikata laifi a idon doka, ko da ya fi kowa iya allura a unguwarsu.

Jarabawar jinya ana yin ta sau biyu a shekara, Mayu da Nuwamba. Ta ungozoma kuma Maris da Satumba. Akwai ɓangaren kwamfuta, inda ake zaɓen amsa, akwai kuma na gwaji a aikace da ake kira Oski, ban da aikin binciken da ɗalibi ke rubutawa. Ana neman maki 50 cikin 100, kuma ƙoƙarin da aka yi a ɓangare ɗaya ba ya rufe ramin ɗayan. Kafin ma a kai ga nan, makaranta na yin tata jarabawar tacewa don ta ga wa za ta gabatar.

To, ga sharuɗɗan da ba su zaga WhatsApp ba. Mai maimaitawa dole ya ci gaba da zama ɗalibi a makarantarsa, kuma ya halarci aƙalla kashi 80 cikin 100 na darussa da na aikin asibiti kafin a sake gabatar da shi. Ba wai ki koma gida ki zauna, in watan jarabawa ya kama ki ɗauko katinki ki taho ba. Za ki dawo aji tare da ƙannenki, ki sa hannu a rajistar halarta, ki yi aikin dare in ya zo kanki. Wata shida ke tsakanin zama da zama, kuma a cikin wata shidan nan akwai kuɗin adaidaita sahu, akwai na abinci, akwai na sake rajista. Ga wadda aka ɗaga bikinta sai ta gama, ko matar aure mai goyo da ke tasowa daga Rijiyar Zaki ko Hotoro kullum da sassafe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Iyaye da mazaje su san da haka tun wuri, kada a ce an soke kora sai kowa ya miƙe ƙafa.

Sharaɗi na biyu a kan makarantu ya faɗa, kuma shi ya fi burge ni. Takardar ta ce duk maimaicin da bai yi nasara ba za a lissafa shi a kan makarantar. A da, in ɗaliba ta faɗi sau uku, ita ke tafiya da kunyar, mu malamai mu ci gaba da harkarmu. Yanzu an ce mana mu ma mu dubi kanmu: aji ya cika ya batse, ɗakin gwaji babu kayan aiki, malami ɗaya na riƙe da darasi huɗu, sannan a ce laifin yarinya ne ita kaɗai? Tsoron da nake da shi guda ne, kada wata makaranta ta riƙa danne masu rauni a jarabawar tacewa don ta kare sunanta. In haka ta faru, an kori ɗalibi ta ƙofar baya ke nan, kuma ba wannan ne nufin hukuma ba.

Masu cewa an sassauta, wai yanzu kowa zai zama nas, ban yarda da su ba. Makin da ake nema bai sauka ba. Abin da aka cire shi ne hukuncin da ke mayar da shekarun mutum banza.

Bari in ɗan tsaya a kan Oski, don a nan na fi ganin hawaye. Tashoshi ne a jere, kowace da aikinta da 'yan mintunanta, in ƙararrawa ta kaɗa sai a matsa gaba, an gama ko ba a gama ba. Mai duba ki na zaune da takarda, kowane mataki da makinsa. Na sha ganin ɗalibar da ta haddace littafi ta shigo, ta zarce kan gado ta kama hannun majinyaci za ta auna jini. Ba sallama, ba ta faɗi sunanta ba, ba ta bayyana abin da za ta yi ta nemi izini ba, ba ta ja labule ba, ba ta wanke hannu ba. Awon ya fita daidai, amma maki ya riga ya zube tun kafin ta ɗaura abin awon. Dalili kuwa a asibiti ta koyi gaggawar. Wanda ya taɓa shiga Asibitin Murtala da safiyar Litinin ya san yadda layi yake, ya san dalilin da ma'aikata ke yanke hanya. Amma Kansil ba yankan hanya take tambaya ba. Shawarata, ku haɗu ku uku, ɗaya ta kwanta a tabarma a matsayin mara lafiya, ɗaya ta yi aikin tana faɗin kowane mataki da baki da Turanci, ta ukun ta riƙe agogo da littafin matakai. Ku yi ta yi har hannu ya riga tunani. Ɓangaren kwamfuta kuma, wadda ba ta saba da linzami ba ta nemi inda za ta riƙa gwadawa tun da sauran watanni, don waya daban, kwamfuta daban.

Akwai wani rami da sabuwar ƙa'idar ba ta cike ba, kuma ya fi faɗuwa muni. Ba a zama jarabawar Kansil sai da lambar da hukumar ke ba ɗalibi tun farkon karatu, abin da ake kira indeksin. Ba ta ba da ita sai ga ɗalibin makarantar da ta amince da ita, mai kiredit biyar a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. A 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya 26 da ke aiki ba bisa ƙa'ida ba, kuma a cikin irinsu akwai 'ya'yan talakawa da aka sayar da akuya da gona don su. Ya kamata uba ya tambayi shugaban makaranta kai tsaye: Kansil ta amince da ku? An yi wa 'yata indeksin? Ina lambar? A kuma duba yadda aka rubuta suna da ranar haihuwa, su dace da na takardar WAEC ko NECO, don gyaran harafi ɗaya daga baya kan ci watanni.

Wanda ya ci, makaranta za ta tura sunansa a yi masa rajista a ba shi lasisi. Lasisin ana sabunta shi duk shekara uku, bayan halartar kwas ɗin ƙarin ilimi na dole da hukumar ta tsara. Wadda kuma tsohuwar ƙa'ida ta riga ta fitar, ta ɗauki lambar indeksin ɗinta da sakamakonta na baya, ta je wurin shugaban makarantarta ta nemi a rubuta wa Kansil a kan matsayinta, ta kuma riƙe kwafin wasiƙar a hannunta.